Ƙofar Da Aka Rufe Da Ƙofar Da Aka Buɗe: Darasi Daga Kisan Kiyashin Yahudawan Turai

  

Darasinmu na wannan fitowa tarihi ne, kuma na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwanmu da Yahudawa, mu da ke fama da tamu damuwar?" Ki daure ki karanta zuwa ƙarshe, 'yar uwa. Abin da za mu duba shi ne halin da sauran ƙasashe da maƙwabta suka nuna a lokacin da ake farautar wata al'umma ana kashewa: wa ya rufe ƙofa, wa ya nuna gidan da aka ɓuya, wa ya kawar da kai, wa kuma ya ce shigo. Tun da rashin tsaro ya fara raba mutane da ƙauyukansu a jiharmu da maƙwabtanta, wannan tambayar ta iso har zaurukanmu a Jega da Aliero da Maiyama.

ABIN DA YA FARU A TAƘAICE

Tsofaffinmu suna kiran Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, da Yaƙin Hitila, domin an ɗebi samarin ƙasar nan an kai su fagen daga har Bama. Amma akwai wani ɓangare na yaƙin da ba a cika ba mu labarinsa ba.

Hitila ya hau mulkin Jamus a watan Janairu 1933. A lokacin Yahudawan Jamus kimanin 500,000 ne, ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Da baki aka fara. Jaridu da rediyo da littattafan makaranta suka yi ta nanata cewa su ne sanadin talauci, su ne suka sa aka ci Jamus a yaƙin farko, har ana kamanta su da ɓeraye. Daga nan aka ce kada a sayi kaya a kantunansu, aka kore su daga aikin gwamnati. A 1935 aka kafa dokar da ta ƙwace masu 'yancin zama 'yan ƙasa, ta kuma hana auratayya da su. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa kantuna, aka kama maza wajen 30,000.

Da yaƙi ya ɓarke, Jamus ta mamaye yawancin Turai, sai abin ya koma kisa ƙiri-ƙiri. A wani kwari mai suna Babi Yar kusa da birnin Kiyef, an harbe mutum fiye da 33,000 cikin kwana biyu a watan Satumba 1941. Aka gina sansanoni a ƙasar Polan da aka mamaye, ana kwaso mutane cikin taragun dabbobi ana halaka su da iska mai guba. A sansanin Auschwitz kaɗai an kashe Yahudawa kimanin miliyan 1. Kafin yaƙi ya ƙare an kashe kimanin miliyan 6, cikinsu yara wajen miliyan 1 da rabi. Don ki gane girman lissafin, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kebbi mutum miliyan 3 da dubu 200 da 'yan kai. Ki ɗauka an share jihar nan kakaf, sau biyu saura kaɗan. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira Holokos.

Ga abin da nake so ki riƙe. Har zuwa watan Oktoba 1941, 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, suna barin Bayahude ya bar Jamus bayan sun tatse dukiyarsa. Shekara takwas ƙofar fita tana buɗe. Ƙofar shiga ce ta yi wuya.

MASU RUFE ƘOFA

A watan Yuli 1938 shugaban Amurka Roosevelt ya kira taro a garin Evian na Faransa don a duba matsalar masu gudun hijira. Ƙasashe 32 suka halarta. Aka yi kwana tara ana jawabai, kowane wakili ya miƙe ya nuna alhini, sannan ya kawo uzurinsa. Wannan ya ce rashin aiki ya yi yawa a ƙasarsa, wancan ya ce manoma yake so ba 'yan kasuwa ba. Wakilin Ostireliya ya ce su ba su da rikicin ƙabilanci, ba kuwa za su sayo shi da kuɗinsu ba. Jamhuriyar Dominika ce kawai ta yi tayin karɓar mutum 100,000, su ma ɗin 'yan ɗaruruwa ne suka samu isa.

Amurka tana da gurbin biza 27,370 a shekara ga mutanen Jamus da Ostiriya, amma a yawancin shekarun nan ba a cike gurbin ba saboda tarin sharuɗɗa. A 1939 an kai ƙudurin karɓar yara 20,000 majalisar ƙasar, ya mutu tun a kwamiti. Da yaƙi ya yi zafi kuma sai aka ƙara tsaurara biza, wai ana tsoron 'yan leƙen asiri za su saje da masu gudun hijira. Ki riƙe wannan uzurin, za mu sake haɗuwa da shi a gida.

Ingila ta buɗe ƙofa, amma rabi. Ta karɓi yara kusan 10,000 daga ƙarshen 1938, bisa sharaɗin su zo ba tare da iyayensu ba. Ke uwa ce, ki kwatanta a ranki: ki kai ɗanki mai shekara shida tashar jirgin ƙasa da 'yar akwati da lamba rataye a wuya, ki ce masa kina nan tafe. Da yawa daga cikin yaran nan ba su sake ganin iyayensu ba.

A ranar 13 ga Mayu 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya tashi daga Jamus da mutum 937, yawancinsu Yahudawa, ya nufi Kyuba. Kyuba ta karɓi ƙasa da 30, ta hana saura sauka. Jirgin ya matso gaɓar Amurka har fasinjoji na hango fitilun birnin Miami, aka ce a'a. Kanada ma ta ƙi. Ya juya Turai, inda Ingila da Faransa da Beljiyam da Holan suka raba su. Da Jamus ta mamaye uku na ƙarshen, an kashe 254 daga cikinsu. Sai a 2018 firayim ministan Kanada ya nemi gafara, ihu bayan hari.

Wani jirgin, Struma, ya maƙale a tashar Istanbul wajen mako goma. Ingila, wadda ke mulkin Falasɗinu a lokacin, ta hana su izinin shiga, Turkiyya kuma ta hana su sauka. A watan Fabrairu 1942 aka ja jirgin da injinsa a lalace aka saki a tsakiyar teku, washegari wani jirgin yaƙin Rasha ya nutsar da shi. Mutum fiye da 760 suka halaka, ɗaya tak ya tsira.

MASU MIƘA MAƘWABTA

Akwai waɗanda suka wuce rufe ƙofa, suka kama hannun maƙwabci suka miƙa. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni 1940, an kafa wata gwamnatin Faransawa a garin Vichy. Tun kafin Jamusawa su nema, wannan gwamnatin ta kafa tata dokar wariya a watan Oktoba 1940. A ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942, 'yan sandan Faransa da kansu suka bi gida-gida a Faris suka kama mutum fiye da 13,000, cikinsu yara sama da 4,000. Gaba ɗaya an kwashi kimanin 76,000 daga Faransa, kaɗan ne suka dawo.

Kada ki ɗauka abin can nesa ne. Har zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana ƙarƙashin wannan gwamnatin ta Vichy, ke nan Gaya da Dosso, da mutum ya wuce Kamba, dokarta ake bi, duk da cewa Yahudawan da ke Afirka ta Yamma 'yan ƙalilan ne. A Aljeriya an ƙwace wa Yahudawa fiye da 100,000 takardar zama 'yan ƙasa. A 1941 gwamnatin ta ɗauki aikin shimfiɗa layin dogo da zai ratsa Sahara ya haɗa Bahar Rum da Kogin Kwara, wannan kogin da ya bi ta Yawuri. Da fursunoni aka yi aikin, cikinsu har da Yahudawan da suka gudo daga Turai, a sansanonin hamadar Maroko da Aljeriya, cikin zafi da yunwa da duka. Layin bai kammalu ba.

A Hangare kuwa, 'yan sandan ƙasar ne suka tattara mutane, aka loda kimanin 437,000 a jiragen ƙasa cikin mako takwas a 1944. A wurare da yawa, da an kwashe iyali sai a yi gwanjon kayan ɗakinsu, maƙwabta su zo su saya da araha. Wadda ta sayi gadon maƙwabciyarta kuwa, kin san ba za ta so mai gado ta dawo ba.

MASU SANI SU YI JINKIRI

Wata za ta ce wataƙila duniya ba ta sani ba. Ta sani. A ranar 17 ga Disamba 1942, Ingila da Amurka da Rasha da ƙawayensu sun fitar da sanarwa cewa Jamus na aiwatar da shirin ƙarar da Yahudawan Turai, suka yi alkawarin hukunta masu laifi. A watan Afrilu 1943 Ingila da Amurka suka yi wani taron a tsibirin Bamuda, aka tashi ba wani abin a zo a gani. Sai a watan Janairu 1944 Amurka ta kafa hukumar ceton masu gudun hijira, lokacin an riga an kashe mafi yawa. Amsar da aka yi ta bayarwa ita ce, a bari a ci yaƙi tukuna. An ci yaƙin, amma waɗanda aka ce su jira ba su kai ranar ba.

MASU BUƊE ƘOFA

To, ga ɗaya ɓangaren, don kada zuciya ta mutu.

A Denmak, wani jami'in Jamus ya tsegunta cewa za a yi kame a farkon Oktoba 1943. Kafin a ce me, labari ya zaga. Maƙwabta suka ɓoye mutane a gidaje da asibitoci, masunta suka yi ta tsallakar da su cikin dare a jiragen kamun kifi zuwa Suwidin, wadda ta sanar cewa za ta karɓe su. Cikin 'yan makonni an tsallakar da kimanin 7,200. Waɗanda aka kama ba su kai 500 ba. Kin ga abu biyu ne suka haɗu: masu fitarwa da masu karɓa.

Albaniya ƙaramar ƙasa ce ta talakawa, mafi yawan mutanenta Musulmi. Suna da wata al'ada da suke kira besa, wato cika alkawari da riƙon amanar baƙo. Kafin yaƙi Yahudawan ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Masu gudu suka yi ta shigowa, aka rarraba su a gidaje da ƙauyuka, aka ba su tufafin gari da sunayen gari. Da Jamusawa suka mamaye ƙasar a 1943 suka nemi jerin sunaye, hukuma ta ƙi bayarwa. Yaƙi ya ƙare Yahudawan da ke Albaniya sun kusa 2,000, sun ninka yadda suke a da.

A Maroko, Sarki Muhammadu na Biyar yana ƙarƙashin ikon Faransa, bai iya hana dokokin wariya shiga ƙasarsa ba. Amma ya nuna ƙin su a fili, har ya gayyaci malaman Yahudawa bikin zagayowar hawansa gadon sarauta a 1941, ya zaunar da su a gaban jami'an Faransa. A Tunisiya, wani mai gona, Khalid Abdul-Wahab, ya kwashe wasu iyalai ya ɓoye a gonarsa kusa da garin Mahdiyya har Jamusawa suka fita a 1943. A tsakiyar birnin Balin kanta, wani likita Bamisire, Dakta Muhammad Hilmi, ya ɓoye wata budurwa mai suna Anna Boros daga 1942 har yaƙi ya ƙare.

Amma labarin da na fi so ki riƙe na wata uwargida ce kamarki. Sunanta Zainaba Hardaga, matar Mustafa Hardaga, a birnin Sarayebo na Bosniya. Gidansu gidan kulle ne, mata ba sa fita sai da lulluɓi. A watan Afrilu 1941 bam ya rushe gidan wani Bayahude abokin huldar maigidan, Yusuf Kabilyo, sai suka ɗauke shi da matarsa da 'ya'yansa suka shigar cikin gida, alhali ofishin 'yan sandan asirin Jamus na tsallaken titi. Daga baya aka kama Yusuf, aka sa shi sharar ƙanƙara a titi da mari a ƙafa. Zainaba ta gan shi, ta koma gida ta yi girki, ta riƙa kai masa abinci shi da sauran fursunoni. Akwai wani hoto da ya yi suna, tana tafe a titi da matar Yusuf, ta saki gefen mayafinta ya rufe tambarin tauraro da aka tilasta wa Yahudawa ɗaurawa. Mahaifinta, Ahmad Sadik, shi ma ya ɓoye wani iyalin, aka kama shi aka kashe a sansanin Jasenovac.

Iyalin Kabilyo sun tsira. Bayan shekara hamsin reshe ya juye, Sabiyawa suka yi wa Sarayebo ƙawanya suna ruwan wuta a kan Musulmi. A 1994 zuriyar Kabilyo da ƙungiyoyin Yahudawa suka yi ta faɗi-tashi har aka fitar da Zainaba, tana tsohuwa, da 'yarta da jikarta, aka kai su Isra'ila inda ta rasu a wannan shekarar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kada kuma mu ɗauka abin da sauƙi. A Polan hukuncin ɓoye Bayahude kisa ne. A watan Maris 1944 an harbe wani manomi Kirista, Yusuf Ulma, da matarsa Wiktoria mai tsohon ciki, da 'ya'yansu shida, tare da Yahudawa takwas da suka ɓoye. Duk gidan da ya ɓoye mutum, uwargida ce ke ƙara awo ba tare da maƙwabta sun lura ba, ita ke wanki, ita ke toshe bakin yara. Ba gidan da ya iya wannan aikin in matar gida ba ta yarda ba.

Adalci kuma ya sa a faɗa cewa Musulmi ma ba duka suka tsaya a layi ɗaya ba. Muftin Ƙudus na lokacin, Amin al-Husaini, ya gana da Hitila a watan Nuwamba 1941, ya yi wa 'yan Nazi farfaganda a rediyo. A Bagadaza an far wa Yahudawan gari a watan Yuni 1941 aka kashe fiye da ɗari, ko da yake a nan ma wasu maƙwabta Musulmi sun tsare ƙofofin maƙwabtansu. Kowace al'umma ta fitar da nata nagari da nata miyagu.

TO, FALASƊINU FA?

Na san wannan tambayar na cin ki tun daga farkon shafi. Abin da ya samu Falasɗinawa zalunci ne. A 1948 an raba fiye da 700,000 da gidajensu, jikokinsu na sansanoni har yau, kuma duk mun ga abin da aka yi wa Gaza tun daga 2023, har Afirka ta Kudu ta kai ƙara Kotun Duniya a watan Disamba na shekarar. Tarihin da muka karanta ma yana da hannu a ciki: bayan yaƙi, Yahudawa wajen 250,000 da suka tsira sun zauna a sansanonin Turai, ƙasashen da suka rufe ƙofa tun farko suna ta jan ƙafa, nauyin ya faɗa kan mutanen da ba su da hannu a kisan Turai.

Amma 'yar uwa, yarinyar da aka shaƙe da guba a 1942 ta mutu shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Me ta yi wa Bafalasɗine? Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Ya kuma tabbata a hadisi cewa an wuce da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wane ne, ya tunatar da sahabbai cewa ai rai ne.

Saboda haka in kika ji yaro a gidanki yana yabon Hitila, ko an turo maki saƙo a WhatsApp wai ƙarya ce ba a yi kisan ba, ki gyara masa. Takardun Jamusawa da kansu ne aka baje a shari'ar Nuremberg a 1945 da 1946, kuma gwamnatin Jamus ta amsa laifin. Ki kuma gaya masa matsayin baƙar fata a wurin Hitila: a 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa a Jamus aikin hana haihuwa da ƙarfi, a 1940 kuma sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka kama, 'yan Afirka ta Yamma, suka harbe fiye da dubu.

Bayan yaƙi duniya ta ce ba za a sake ba. Aka yi yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi a 1948, da ta masu gudun hijira a 1951, wadda ta hana a mayar da mutum inda za a kashe shi. Duk da haka a 1994 Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye yawancin sojojinta daga Ruwanda ana tsakiyar kisan mutum wajen 800,000. A 1995 an kashe Musulmi maza fiye da 8,000 a Srebrenica, garin da aka ce yana ƙarƙashin kariyarta. A 2017 Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Bama, Bangaladash mai fama da kanta ce ta karɓe su, ƙaramar Gambiya ce kuma ta kai ƙara a 2019. Doka a takarda ba ta buɗe ƙofa, sai mutum ya tashi ya zare sakata.

MU DAWO GIDA

Mu ba baƙin wannan darasi ba ne. Uwar Muminai Ummu Salama (RA) ce ta ba da labarin yadda Ƙuraishawa suka aika da kyaututtuka Habasha don a miƙo masu Musulmin da suka yi hijira, Najjashi, yana Kirista a lokacin, ya saurari ɓangare biyu ya ƙi miƙa su. Ranar buɗe Makka kuma Ummu Hani (RA) ta ba wani mafaka alhali ɗan uwanta Sayyidina Aliyu na neman kashe shi, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da mafakar da ta bayar. Ashe mace ma tana ba da mafaka a girmama.

Nan kusa da Jega, a ƙarshen 1803, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta far wa Gimbana, inda Malam Abdussalami da jama'arsa suka fake, ta kama mutane. Da aka biyo da su ta Degel a ɗaure, jama'ar Shehu Usmanu ba su kawar da kai ba, suka kwance su. Yunfa ya ce Shehu ya fita da iyalinsa kawai ya bar jama'a, Shehu ya ƙi, aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Buhari ɗan Abdussalami ne daga baya ya kafa garin Jega. Ke nan garin nan, 'ya'yan waɗanda aka kora ne suka gina shi.

Abin da ke faruwa a yankinmu yau bai kai kisan Turai ba, kuma ba irinsa ba ne. Amma akwai korarru. Mun ga ɗaliban Birnin Yawuri a 2021, mun ga Mera ta ƙasar Augie a 2024, mun ga 'yan matan Maga a 2025, ga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da Zamfara da gabashin Sakkwato da aka tasa. Tun 2019 ƙauyukan jihar Maraɗi suka karɓi dubban mutanenmu, suka raba ɗan geronsu da su. Mu fa? Ga abin da ke hannunki:

1. Ki tsare bakin gidanki. In ana cewa "duk Bafillace ɓarawo ne" ko "duk mutanen gari kaza infoma ne" a tsakar gidanki, ki tsawatar. Ɗan bindiga mai laifi ne, a kama shi. Mai tallar nono da ta shekara ashirin tana shigo maki ba ita ba ce. Irin wannan kuɗin goro ne ya ci mafarauta Hausawa 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025.

2. Kada tsoro ya zama uzuri. Gaskiya ne akwai masu kai rahoto ga ɓarayi, amma maganin abin shi ne a kai baƙo wurin mai unguwa a san shi a rubuta sunansa. Korar kowa da kowa shi ne abin da Amurka ta yi da sunan tsoron 'yan leƙen asiri.

3. Ki yi shawara da maigida. Ɗakin zaure da ba kowa, ko kangon da ke bayan gida, zai iya rufa wa wata bazawara da marayunta asiri. Mutanen Aliero sun saba saukar da masu karaya da suka zo ɗori daga nesa. Wadda aka karya wa gida ita ma mai jinya ce.

4. Kada ki ci da guminsu. Wadda ta gudo da tunkiya ɗaya ko 'yan kunne, ki saya a kan kuɗinsa ko ki bar mata. 'Yarta kuma kada ta zama 'yar aikin da ba a biya, ko a aurar da ita don an ga ba ta da gata.

5. In an cire albasa ko an yanke shinkafa, ku tuna wa mazajenku cewa waɗannan na cikin masu haƙƙin zakka. A ƙungiyance kuma, kowace Islamiyya ta ɗauki nauyin sa yaransu a aji, allo da boko, ta kuma kai sunayensu ga hukumar agajin gaggawa ta jiha.

6. Kada ki jira sai abu ya lafa. Taimakon da aka yi alkawari a Evian da Bamuda bai ciyar da kowa ba, kwanon Zainaba ya ciyar.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA A AJI

Waɗanne uzurori ƙasashe suka bayar a taron Evian, kuma wanne daga ciki kika taɓa ji a unguwarku? Me ya sa aka tsira a Denmak da Albaniya? Iyalai nawa masu gudun hijira ke unguwarku, kuma wa ya san sunayensu?

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa ƙofofinmu su zama shaida a gare mu ranar gobe ƙiyama. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.